Baba Ladan da Saƙon da Ya Bari a Hannuna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da hantsi ne, ranar wata Laraba. Ina zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa, littafina a kife a kan cinyata, sai Inna, mahaifiyar mijina, ta ɗaga labulen ɗakin Baba ta fito. Ba ta yi kuka ba. Ta dafa bango, ta dube ni, ta ce, "Ki gaya wa mai shago, babansa ya cika."

Mai shago shi ne mijina, yana sayar da taki da iri a cikin garin Wudil. A lokacin yana bakin zaure yana ɗaure kaya a babur, tsakaninsa da Inna bai wuce tsawon tabarma biyu ba. Ya ji abin da ta ce, domin na ga igiyar ta zame daga hannunsa. Duk da haka sai da na ajiye faifan shinkafa, na je gabansa na durƙusa, na maimaita masa. Shi ne ɗan fari, kuma a gidan nan ana yi wa ɗan fari kunya irin ta mutanen da. Iyayensa ba sa kiran sunansa, ba sa fuskantarsa da magana. Tun da aka kawo ni gidan daga Kausani, ni ce hanyar da magana ke bi tsakaninsa da su.

Na zaci wannan ne saƙo mafi nauyi da zan taɓa kai masa. Ashe akwai wani, wanda Baba ya ba ni da bakinsa kafin ya rasu: cewa mijina ya je asibiti a gwada jininsa, domin ciwon da ya kama uba yakan bi ɗa. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, masu ta'aziyya sun fara raguwa, saƙon yana nan a hannuna ban kai ba. Shi ne ya zaunar da ni nake wannan rubutu.

Ba zan rubuta sunan Baba na gaskiya ba, domin surukina ne, bakina bai taɓa faɗarsa ba, hannuna ma ya ƙi. Mutanen Sabon Gari sun san shi da Baba Ladan. Shekaru masu yawa muryarsa ce ke tashin unguwarmu da asuba. Manomi ne, yana da fadama a gefen kogi, kuma duk inda aiki ya kai, idan rana ta karkata zai wanke ƙafa ya kamo hanyar masallaci. Ba shi da doguwar magana. Idan aka zo masa da rigima, abin da yake fara cewa shi ne, "A je a yi alwala tukuna, sai mu ga abin da ya rage." Sau da yawa idan aka dawo babu abin da ya rage. Wata rana yara sun tsinke wayar lasifikar masallaci, mutane suka taru ana ta faɗa, ana neman a kama ɗan wane. Baba ya tsaya a bakin ƙofa shiru, ya ƙi kiran sallah har sai da aka lafa. Da aka tambaye shi sai ya ce shi ma ransa ya ɓaci, kuma ba ya son ya kira mutane zuwa ga Allah da muryar fushi.

Ni ma bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Zan kawo masa kunu in durƙusa a bakin ƙofa, sai ya juya wajen Inna ya ce, "A ce wa 'yar Kausani an gode." Inna ta dube ni ta ce, "Kin ji." In ce na ji. Haka muke yi, mu uku, babu mai dariya, ko da yake na sha ganin gemunsa yana motsi.

Kowa ya san ni da karatun littattafan soyayya. Tun ina makaranta nake karanta su, kuma aure bai raba ni da su ba. A watannin farko na ƙona tuwo saboda wani littafi da ya kai wajen da ba a ajiyewa. Ƙauri ya cika gidan. Na shige ɗaki ina jiran abin da zai biyo baya. Baba ya cinye nasa tas, sannan ya ce wa Inna a tambaye ni, mutanen cikin littafin sun yi auren ko kuwa. Na ce sun yi. Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Tuwon bai ƙone a banza ba." Daga ranar, duk lokacin da ya gan ni da sabon littafi sai ya aiko a tambaya ko an daidaita. Wata rana na manta da wani a kan tabarma, hadari ya taso. Da na fito neman sa, sai na same shi a kan taga, an sa gashin zabo a daidai shafin da na tsaya. Bai ce shi ne ba. Ni ma ban ce na gane ba.

Ciwon ya fara kama shi kafin a yi aurena. Ciwon daji ne na wani ɗan ƙullutu da ke ƙasan mafitsarar maza, wanda likitoci ke kira furostet. Na rubuta sunan a nan, amma a gidanmu ba a taɓa faɗarsa ba, sai dai a ce "lalurar Baba". A wancan karon Sani ne, ƙanin mijina, ya yi ta kai shi asibiti. Sani ɗan lele ne, yana zama kusa da Baba, yana tsokanarsa, yana faɗa masa komai. Aka yi masa gashi, wato aka riƙa haska wurin da na'ura don a ƙone cutar. Ya samu sauƙi, ya koma fadama, ya koma lasifika. Sai Sani ya samu aiki a kudu ya tafi da iyalinsa.

Bayan wasu shekaru, wani abu da ake aunawa a jinin Baba don bin sawun ciwon ya fara hawa. Aka sake bincike a wani babban asibiti a Kano, aka ce cutar ta dawo a daidai inda take da farko. Wannan karon babu mai raka shi sai mijina. Da suka isa ƙofar likita, Baba ya zauna a benci a waje ya ce a shiga a jiyo masa. Ba zai iya zama kusa da ɗansa na fari ana maganar abin da ke ƙasan cibiyarsa ba. Mijina ya shiga shi kaɗai.

Abin da likitan ya faɗa, kamar yadda na tattara daga baya, shi ne wannan. Wurin da aka riga aka gasa ba a cika son a sake gasa shi ba, kuma yankan sa yana da wuya saboda naman ya yi tauri. Amma akwai wata hanya. Ana soka siraran allurai ta cikin fata har su kai ga ƙullutun, a tura sanyi mai tsanani ta cikinsu, wurin ya daskare ya zama ƙanƙara, a bari ya narke, a sake daskarar da shi, har ƙwayoyin cutar su mutu. Ana sa wani bututu mai ɗumi a hanyar fitsari don kada sanyin ya lalata ta. Ba kowane asibiti ke yi ba, sai an yi tafiya mai nisa. Ba kowa yake yi wa aiki ba. Kuma yana iya barin mutum ba ya iya riƙe fitsari, yana iya kashe masa ƙarfinsa na namiji, musamman wanda aka taɓa yi wa gashi. Abu na ƙarshe kuma, wanda ya fi duka: aikin yana da amfani ne kawai muddin cutar ba ta fita daga wurin ta shiga wani sashe na jiki ba.

Mijina ya dawo gida ya faɗa mini yana kallon bango. Ya faɗi maganar allurai, ya faɗi maganar sanyi, da ya zo kan sauran sai muryarsa ta yi ƙasa har na daina ji sosai. Ya ce in kai wa Inna. Ni kuwa a lokacin zuciyata ta riga ta tafi wani wuri. A littattafaina, idan ciwo ya yi tsanani ana ɗaukar mara lafiya a jirgi, a yi shafi biyu ana addu'a, a shafi na uku ya sauko yana murmushi, dangi sun taru da kulolin abinci. Na riga na ga Baba yana saukowa. Har na zaɓi atamfar da zan ɗaura.

Na je wajen Inna. Na yi mata bayanin daskarewar daidai gwargwado. Da na zo kan fitsari da ɗaya abin, sai na dubi fuskar matar da ta haifi mijina, harshena ya yi nauyi. Na ce, "Wai akwai 'yan matsaloli da kan biyo baya." Inna ta ce to. Ta shiga ɗaki, ina jin ta daga waje tana cewa, "Malam, wai ƙanƙara za su sa maka a mara."

Baba ya ce, "Da sun ce wuta, yanzu sun ce ƙanƙara. Su fara shiryawa a tsakaninsu mana."

Inna ta yi dariya, ni ma na yi a ɓoye. Sai ya aiko da tambaya guda ɗaya. Ya ce a tambaya, idan an yi masa, zai riƙe alwala? Inna ta ba ni, na kai wa mijina. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu. Ya san amsar, ni ma na fara zargin na san ta. Ya ce in ce sai abin da Allah ya yi. Na kai wa Inna haka, ta kai wa Baba haka. Baba ya ce to, a bari a cire amfanin gona, Sani ma ya zo gida, sai a zauna. Aka kira Sani a waya, ya ce wannan ba maganar waya ba ce, yana nan tafe da zarar ya samu hutu.

Maganar cewa abin ba ya jira, ban san inda ta faɗi ba. Mijina ya ce ya gaya mini. Ni ban tuna na ji ba. Wataƙila ya faɗa a lokacin da muryarsa ta yi ƙasa, wataƙila ya faɗa ina can ina zaɓen atamfa. Wataƙila shi ma a ɗakin likita kunnensa ya toshe tun daga maganar fitsari. Na juya abin ta kowace fuska, ban samu wurin da zan sa yatsa in ce nan ne ba.

Aka cire amfanin gona. Hutun Sani ya ja baya. Baba ya fara dafe ƙugu idan zai tashi daga sujada, yana cewa aikin fadama ne. Da Sani ya iso aka koma Kano, aka ɗauki hoton jikinsa, aka ce cutar ta shiga ƙashi. Likitan ya ce maganar daskarewa ta wuce. Aka koma allurai da magungunan rage zafi. Wani daga cikin almajiran Baba na da, wanda yanzu magidanci ne, ya karɓi kiran sallah. Baba yana kwance yana sauraro, wani lokaci ya ce wa Inna a gaya masa ya rage sauri, masu nisa ba su gama ɗaura zani ba.

Ban zo neman mai laifi ba, domin ban san ma ko akwai laifin ba. Likitan da kansa ya gaya wa Sani cewa ko da an yi aikin da wuri, babu mai tabbatar da cewa cutar ba ta riga ta fita a ɓoye ba. Kuma da an gaya wa Baba gaskiya a kan alwala, wataƙila da kansa zai ce a bar shi. Wataƙila kuma ya ce a yi, domin ya fi mu sanin cewa addini ya yi wa mai lalura sauƙi. Kwana kuwa idan ya ƙare ya ƙare, wannan na yi imani da shi. Sai dai duk lokacin da na ce wa kaina haka, sai tambayarsa ta dawo mini. Mutum ya yi tambaya guda ɗaya a kan jikinsa, mu uku muka karɓe ta hannu da hannu, muka mayar masa da ita babu amsa. Kuma ba ƙiyayya ce ta sa ba. Girmamawa ce. Wannan shi ne abin da na kasa warwarewa. Kunyar nan ina son ta. Ita ce ta sa gashin zabo a littafina. Ban san yadda abu ɗaya zai zama shi ne mafi kyau a gidanmu, kuma shi ne ya tsaya tsakanin Baba da amsarsa ba.

Ana saura kwanaki kaɗan ya rasu, da la'asar, Inna ta shiga maƙwabta. Na kawo kunu na durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum, ina jiran ta dawo ta karɓa. Sai na ji an ce, "Nafisatu."

Na waiwaya baya ina neman mai kirana. Ban taɓa jin sunana a muryar nan ba.

"Shigo," in ji Baba. "Yau babu ɗan aike."

Na shiga na zauna can gefe, kaina a ƙasa. Ya rame ƙwarai, amma muryar tana nan. Ya ce zuwansu na ƙarshe asibiti ya shiga wajen likita da kansa, ya tambayi duk abin da ya kamata ya tambaya tun farko, aka kuma gaya masa. Na fara kuka, na ce Baba a yafe mana. Ya ɗaga hannu.

"Na san an rage mini magana a hanya," ya ce. "Ni ma na rage tambaya. Ni na zauna a benci, ba wanda ya zaunar da ni. Wannan ya wuce."

Sannan ya ce likitan ya gaya masa 'ya'yan mai irin wannan ciwo sun fi sauran maza haɗarin kamuwa da shi, kuma wanda ya haura arba'in ya kamata ya je a gwada jininsa tun bai ji komai ba, domin idan aka gano da wuri hanyoyin magani suna da yawa. Ya ce ya riga ya gaya wa Sani da bakinsa. Ya ɗaga ido zuwa rufin ɗaki, ya ci gaba.

"Mai shago kuwa na gwada. Jiya ya shigo ya gyara mini matashi, na buɗe baki, abin ya ƙi fita. Tun da aka haife shi ban kira sunansa ba, ba zan iya farawa da wannan ba. Sani kuma ƙaninsa ne, idan ya kai masa maganar, zai ce ya yi masa shiru. Ke za ki faɗa masa. Kada ki ba wani ya kai miki. Kada ki rage komai. Kuma kada ki gyara masa ita irin ta littafinku."

Na ce to, Baba. Muka ji motsin Inna a zaure. Da ta shigo ya juya wajenta ya ce a ce wa 'yar Kausani an gode da kunu.

Tun ranar nake ɗauke da maganar. Da farko na ce sai an gama jinya, sannan na ce sai an gama zaman makoki. Mijina ya ce kada a sake ambatar ciwon nan a gidansa. Idan mai ta'aziyya ya tambayi me ya samu Baba, sai ya tashi ya fita. Yana ganin shirunsa ne ya kai mahaifinsa kabari, ko da yake bai faɗa ba, ni ce nake ganin tuwonsa yana dawowa yadda na kai. Ina tsoron in taɓa wurin. Kuma akwai tsoron da ya fi wannan, wanda nawa ne ni kaɗai. Idan ya je aka gwada aka ce akwai fa? 'Yarmu ko yaye ba a daɗe da yi mata ba. Na karanta littattafai da ba zan iya ƙirgawa ba, ban taɓa gamuwa da wanda mijin ya je gwajin nan ba, balle in san abin da matar take yi a shafi na gaba. Kwanakin nan idan na buɗe littafi sai in tsaya a layi ɗaya, in rufe. Har na yi tunanin in kira Sani in roƙe shi, ko in gaya wa Inna, ko in bar wannan rubutu a inda mijina zai gani. Sai na lura duk hanyoyin nan 'yan aike ne, kuma Baba ya hana ni.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Baba Ladan. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubansa. Ya kira bayinka zuwa gare ka shekara da shekaru, cikin sanyi da cikin ruwa, ka sa shi cikin waɗanda za ka kira da rahama. Ka ba Inna haƙurin rashin abokin zamanta. Ka ba Sani da sauran dangi dangana. Ka sanyaya zuciyar ɗansa na fari, wanda bai taɓa kiran sunansa ba, amma kullum sai ya tambaya ko ya dawo daga shago kafin ya rufe ƙofa. Ka ba mu lafiya, ka sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Amin.

Babu wanda zai karanta wannan sai na sauke amanar. Yau idan mijina ya dawo daga sallar la'asar zan zauna a gabansa, ba a bayansa ba, in faɗa masa da bakina, da sunan ciwon, yadda Baba ya faɗa mini. Ranar Litinin kuma zan sa mayafina in raka shi asibiti, kuma ba zan zauna a benci ba.